Inna Ba Ta Faɗin Sunanka

Keita, farkon bazara

Yaya Hamani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, kai da iyali da mutanenmu na Abijan. Ina gajiya, ina kasuwa? Na ba direban kar, babbar motar fasinja, wannan takarda don in na yi maganar a waya takan tsinke mini.

Inna Kulu ba ta jin daɗi. Ƙafafunta sun kumbura, muka kai ta asibitin Tawa. Tansiyonta, wato jininta, ya hau sosai, kuma analiz ɗin jini da fitsari ya nuna ƙodarta ta fara gajiya. Zan faɗa maka yadda lokotoro ya bayyana mini, ko da yake karatuna na koleji ya yi nisa, wataƙila na karkace wani wuri.

Ya ce ƙoda kamar rariya take, mai ƙananan ƙofofi. Akwai sinadarin da ke tasowa daga gare ta, yana matse jijiyoyi, yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Akwai kuma na tashin hankali, da ke fitowa daga wata 'yar tsoka bisa ƙodar. In damuwa ta daɗe, wannan yana zuga wancan, jini ya yi ta bugun rariyar har ta fara yoyo. Abin da ya lalace ba ya dawowa, sauran ne ake tattali. Ya ba da magani, ya hana gishiri da kanwa, sannan ya tambaye ni abin da ke damunta. Na ce babu. Har muka iso gida ina shakkar amsata.

Ka tuna lokacin aikin furoje na gyaran ƙasa, Inna tana ɗaukar duwatsu a ka tana hawan tudu, mu muna bin ta da gora? Da maraice ta raba tuwo, ta ture babbar malmala gefe ba tare da ta ce ta wa ba ce, mu duka mun sani taka ce. Kai ɗan farinta ne. Ba ta taɓa faɗin sunanka ba, ba ta taɓa tambayarka ba. Mu kuma, don kada mu ba ta kunya, muka bar zancenka gabanta. In ka kira, mukan fita da wayar zaure.

Shafa'atu ƙanwarmu ce ta buɗe mini ido. Ta ce duk shekara in 'yan cin rani suka fara dawowa, Inna takan sami dalilin zama bakin ƙofa, wai tsince wake. In motar kar ta wuce ba ka ciki, sai ta bar cin abinci. Shekaru nawa ke nan, Yaya, ba mu gaya mata ko kana raye ba, muna ganin ladabi muke yi.

Ban ce wannan ne kaɗai ciwonta ba. Amma ina tsoron mu kai ga wankin ƙoda, kuma ka san nisan wannan hanya.

A gaida yara.
Ƙanenka, Abdulmumin


Keita, bayan ruwan shuka

Yaya Hamani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina lahiyar gida? Mu nan mun yi shuka, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau da yawa. Ka ce ka daina neman a ba Inna waya ne don duk lokacin da aka miƙa mata sai ta ture, har ka ɗauka ba ta buƙata. Ban ga laifinka ba. Ni da ke kwana gida ɗaya da ita ma ban gane ba.

Ga dabarar da na yi, ban sani ba ko daidai ce. Na zauna tsakar gida ina ba Shafa'atu labarinka da babbar murya, awa ita kaɗai nake gaya wa: rumfarka, furfurar da ta fito maka, ɗiyarka da ta shiga lakwal karatun boko, da cewa kana tahe kafin girbi. Inna tana kaɗi, ta ba mu baya. Mazarin ya tsaya cak. Da na gama ta yi mana faɗa wai mun cika surutu, sannan ta sa aka dama mata fura ta shanye.

Tansiyon ya ɗan sauka. Lokotoro ya ce aikin magani ne da barin gishiri, ƙodar kuma tana nan yadda take, ba ta ƙara lalacewa ba. Ban yi masa gardama ba.

In ka iso, kada ka jira ta tarbe ka. Za ta shige ɗaka, ko ta tambayi lahiyar direba. Ka durƙusa ka gaishe ta kawai, ka zauna inda za ta iya jin muryarka.

Jiya ta aiki Shafa'atu ta ce mini in nemi magini a gyara rufin ɗakin baƙi kafin ruwa ya yi ƙarfi. Yaya, ka san gidanmu. Ba mu taɓa yin ɗakin baƙi ba.

Allah shi kawo ka lahiya.
Ƙanenka, Abdulmumin