Ƙahonnin Babur Ɗinka

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya zafin Jidda, yaya baƙunta? Ciwon bayan ya yi sauƙi? Mu nan Omdurman lafiya, Inna ma ta warware.

Ka tuna ƙarafa biyun da ka sa aka ɗaura wa babur ɗinka hagu da dama a unguwar makanikai ta Mantiƙa Sinaiya, ina dariya wai ka yi masa ƙaho? To, na janye dariyata. Ran Juma'a ina saukowa daga gada, wata raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta yanko gabana. Na taka birki kan yashi, babur ya kwanta da ni. Ƙarfen dama ne ya sha kwalta, ya cinye har rabi. Tanki da inji ko ƙwarzane babu, ƙafata ma ba ta dannu ba.

Amma na saba ina tuƙi kana bayana. Ina miƙewa na waiwaya na ce, "Yaya, ba ka ji ciwo ba?" Mai raksha ya ce, "Bawan Allah, ai kai kaɗai ne."

Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami, ka gaida Kawu Idris. Ƙarfen kuwa ba zan sauya shi ba sai ka dawo ka gani.

Ƙaninka,
Bashir