Da Hannun Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da yara? Ƙafar Baba ta daina kumbura?

Kada rubutuna ya tsorata ka, da hagu nake yi. Kafaɗata ta dama ta sake gocewa, karo na uku. Laifina ne. A karo na biyu ni na mayar da ita da kaina a ɗakin canza kaya, na koma wasa ban gaya wa koci ba, don kada a ba wani gurbina a ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a.

An yi min aiki makon jiya. Na tambayi likita ko zan sake wasa. Ya daɗe yana kallon hoton ƙashin, sannan ya ce, "Bari mu ga ka ɗaga kofin shayi tukuna."

Ina cin abinci, ina zuwa aji. Da yamma ina zama a benci, ina miƙa wa 'yan wasa tawul.

Na ji Mama tana so a cire zoben kwandon da ka kafa min a bango. Ka lallashe ta ta bar shi shekara ɗaya. Kada ka faɗa mata dalili.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninka,
Dogo