Sakin da Ofishin Haraji Bai Sani Ba

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa, na san wannan wasiƙa ba za ka taɓa karanta ta ba. Amma ko da kana raye ma ai ba karanta wasiƙa kake yi ba, a ƙarƙashin kujerar motarka suke zama har su canja launi, don haka ban ga abin da ya ragu ba. Yau dai ba ka da damar katse ni da cewa ana nemanka a shago.

Labari mai daɗi tukuna. Ummi za ta yi aure. Nura ne, yaron nan da ya yi karatu a Bukit Jalil, nan ƙasar Malay, wanda ka ce mai ɗamammen wando irin nasa ba zai iya riƙe iyali ba. To ya samu aiki a Kano, ya koma sa manyan kaya, iyayensa kuma mutanen kirki ne. Yayanka Alhaji Bala ne zai yi walicci. Ummi tuni ta tafi Kano tana hannun gwaggonninta, kullum sai ta kira ni tana ƙorafin zafi da Turanci, su kuma suna shan dariyar Hausarta.

Ni ce dai saura ƙiris ka hana ni zuwa bikin 'yata, kana kwance abinka.

Na haɗa akwatuna cike da mayafai da takalma da turare, har da tukunyar shinkafa ta lantarki da ƙanwarka ta ce in ban zo da ita ba kada in sauka gidanta. Matan unguwarmu ta Setapak suka raka ni filin jirgi, aka yi koke-koke aka yi addu'a. Ina miƙa fasfo, ma'aikacin ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya ce mini cikin ladabi tak boleh, wato ba zai yiwu ba, ba zan fita daga ƙasar ba sai na je na daidaita da ofishin haraji. Na ce ni? Ni da makarantar da nake koyarwa take cire harajina tun kafin albashin ya shigo hannuna? Sai da aka zaƙulo akwatunana aka dawo mini da su. Na iso gida kafin wasu daga cikin 'yan rakiyar, Hajiya Rabi maƙwabciyata ta gan ni a bakin ƙofa ta ja da baya tana salati.

Washegari na je ofishin. Wata 'yar Malay mai fara'a ta zaunar da ni ta warware mini aikinka tun daga tushe. Ka tuna shekarar da ka dawo daga shan shayi a mamak, shagon mai shayin nan ƙasar, kana murna, wai an gaya maka idan miji da mata suka haɗa takardar harajinsu wuri ɗaya ana samun rangwame? Ka ce a yi da sunana tunda ni ce mai albashi. Na sa hannu ina tuƙa tuwo, ko kallon takardar ban yi ba. Ashe ribar shagonka na aika kaya Najeriya ta shiga ciki, kason da ya hau kanta kuma ka ajiye shi sai kasuwa ta buɗe. Baban Ummi, wace shekara kasuwarka ta taɓa buɗewa?

Na ce mata ai mun daɗe da rabuwa. Ta ce a wurinsu ba mu rabu ba. Sai na ciro mata takardar sakina daga jaka da ƙarfin gwiwa, wadda ka yago daga littafin lissafin Ummi ka rubuta da Hausa a gaban abokinka Malam Ɗanlami, saki ɗaya. Ta juya ta gaba ta juya ta baya, ta tambaye ni wane yare ne wannan. Da ta ga lissafin raba lamba a bayan takardar da jan biron malami, sai dariya ta ƙwace mata, ni ma na taya ta har da hawaye. A Kano wannan takardar ta isa a gaban kowa. Wa ya gaya mana a nan sai an je kotun shari'a an tabbatar?

Kuma ta yaya ma za su san mun rabu? Ba mu yi faɗa ba, gajiya kawai na yi da kalmar gobe a bakinka, kai ma ka gaji da mitata. Ka koma Sri Petaling, amma duk Juma'a ina aika maka tuwo da miyar kuka. Duk lokacin cike takardun haraji kuma sai ka zo da kwamfutarka ka zauna a falona ka cike mini, kana cewa ni ba zan iya ba. Ka ci gaba da haɗa mu wuri ɗaya kamar yadda ka saba, shekara bayan shekara.

Ta yi mini bayani tsakani da Allah. Bashin shekarun da muke da aure yana kaina, ko an sake ni ko ba a sake ni ba, tunda sunana ne a sama. Na shekarun bayan rabuwa ana iya sake dubawa a cire mini, idan kotu ta tabbatar da sakin. Sai dai kotu tana son shaidu da fassara da watanni, mai sakin kuma ba ya nan balle a tambaye shi. Ranar ɗaurin aure kuwa an riga an buga ta a kati.

Ranar jana'izarka, Malam Ɗanlami ya miƙe a masallaci ya ce duk mai bin ka bashi ya fito. Mai mamak ya fito yana kuka da kuɗin shayinsa, ya ce ya yafe. Bakaniken motarka ya fito, aka biya shi. Muka ce alhamdulillahi, ka tafi babu nauyin kowa a wuyanka. Ofishin haraji dai ba ya zuwa jana'iza.

Da na dawo gida na faɗa wa matan adashinmu. Hajiya Rabi ta ce ba za a yi bikin Ummi babu uwarta ba ko da za a sayar da tukwanen Setapak duka, ta bar mini kwasarta ta wannan watan. Wasu ɗalibai da ka riƙa aika wa iyayensu kaya kana cewa su biya in sun samu suka ji labari, suka zo da abin da ya sauƙaƙa, ɗaya har da kaza. Na kai kaso mai tsoka, saura zan riƙa biya wata-wata. An cire sunana daga cikin waɗanda aka hana fita. 'Yar Malay ɗin nan ta ce in kawo mata hotunan biki.

Ta kuma tuna mini cewa in na dawo zan iya zuwa kotu a rage mini. Na yi mata godiya, amma ba zan je ba. Kowa ya ɗauka don in sauke maka nauyi ne, kuma haka ne, ba na son bashi ya hana ka kwanciya lafiya. Sai dai akwai sauran magana da ban gaya wa kowa ba.

Da ka rasu ban yi takaba ba, ba ni da hurumin yi. Masu ta'aziyya suka riƙa wuce ni suna neman Ummi, ni kuma a ce mini sannu da ɗawainiya, kamar wadda ta zo taya girki. A kicin na yi kukana ina zuba wa baƙi abinci. To ranar da matar ofishin haraji ta juyo mini da na'urarta, na ga sunana, na ga naka a ƙasansa, an rubuta miji da mata, wallahi sai da na ji daɗi. Bashi aka nuna mini, amma na fito ina murmushi kamar wadda aka ba kyauta.

Tambaya ɗaya nake da ita. Kai da kake ɗaga buhu ka faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, kai da ba a taɓa cutarka ko kwabo ba a shago, da gaske mantuwa ce take sa ka haɗa mu duk shekara? Saki ɗaya ne fa ka yi. Ka zauna a falona sau nawa kana danna kwamfuta, me ya hana ka buɗe baki? Ni ma me ya hana ni?

Jirgina jibi ne. Zan zauna a cikin mata in karɓi barka a madadinmu mu biyu, in ba su labarin filin jirgi su yi dariya, ba zan yi kuka ba sai an kai amarya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe mana baki ɗaya.

Sai mun zo.

Taka a takardar gwamnati, da ma inda ba a rubuta ba,
Maman Ummi