Ɗana Ba Shi da Sarki

Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya zafin Kumasi? Mu nan Gangare sai sanyi.

Ranar Talata na kai Sule ofishin taimakon jama'a, tunda an ce gwamnati ta tuna da naƙasassu. Ma'aikacin ya dube shi, shekara bakwai ba magana, miyau na zuba, ya ce, "Malama, makaho ne? Kuturu? Gurgu? Kowa ta hannun sarkinsu muke ba shi. Wannan wane ne sarkinsa?"

Na ce, "Ni ce, uwarsa."

Ya yi dariya, ya kira na bayana.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Binta