Na Hana a Yi wa Ɗana Tsaga

Potiskum, daren Alhamis, watan Rajab

Yau aka raɗa wa yaron suna Idrisu. Mutanen unguwar Hausari sun cika ƙofar gida, har abokan aikina na ofishin En'e, hukumar gargajiya, sun zo. Ni da na shigo garin nan da riga ɗaya!

Wanzami ya gama aski, ya ɗauko ƙaramar aska zai yi masa tsaga irin tamu ta Ngizim. Sai na riƙe hannunsa. Na ce ɗana makarantar Midil zai je, ba zai sha dariyar da na sha a kan fuskata ba. Da ƙarfi kuma na faɗa, don malaman ofis su ji. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓi jaririn, ya shafa kumatunsa da babban yatsa, ya ce, "Malam." Bai taɓa kirana haka ba. "Da mahara suka kama ni ina yaro, da wannan tsagar kawuna ya gane ni a kasuwa, ya fanso ni. Wannan fa, in ya ɓata, gidan wa za a kai shi?"

Na ce, "Baba, wancan zamanin ya wuce."

Ya ce, "Haka ne."

Har yanzu ba zan yarda a taɓa yaron ba. Amma me ya hana ni jan tsohon gefe tun jiya? Kafin la'asar ya hau jakinsa ya koma ƙauye. Na sa aka bi shi da cinyar rago. An dawo da ita, wai a gode wa Malam.