Kun Fiɗiye Duna, Ku Bar Mini Ƙyalli

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta zo gwajin karnuka a ƙasar Karaye da Rogo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ni makiyayi ne a gefen Falgore. Na je ofishinku aka ce ba ka nan, na koma aka ce kana taro, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Na ɗaya. Da mutanenka suka zo, mu muka tara musu jama'a a gindin tsamiya. Likitanku ya ce za a goga auduga a bakin kare a ɗebi yawu, a gano cututtukan da yake ɗauke da su na gado, don mu san wanda za mu haɗa da wane. Mutane suka ja da baya, ba mai son yawun kare ya taɓa shi. Ni na fara fitowa. Na riƙe Duna da hannuna, baƙin karen da ke tsare mini shanu, jikan karyar da mahaifina ya bar mini. Na riƙe 'yarsa Ƙyalli ita ma. Daga baya na je na wanke hannuna, ina jin na yi abin kirki.

Na biyu. Da sakamako ya fito, aka ce Duna da Ƙyalli suna ɗauke da rabin ciwon makanta. Likitan ya ce in kwantar da hankalina, kamar gwajin sikila ne da ake yi kafin aure: mai AS lafiyarsa ƙalau, ba a hana shi aure, mai AA ake nemo masa. Da kunnena na ji, kuma ba ni kaɗai ba ne a wurin. Na gane maganar sarai, domin ni ma AS ne.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Mutanenka suka dawo ranar kasuwar Karaye, ranar da kowa ya san ba a samun magidanci a gida. Suka yi sallama daga bayan zana, suka ce wa maiɗakina aikin da maigida ya amince ne suka zo yi. Ita mace ce da ba ta fita ta yi gardama da baƙin maza. Ta ɗauka allurar haukan kare ce, ta ce bismillah. Na dawo da la'asar na tarar da Duna kwance a ƙarƙashin rumbu, ido a lumshe, da ɗinki a tsakanin ƙafafunsa. An fiɗiye shi! Haba, ranka ya daɗe! Yaushe na amince? Gwaji na yarda a yi, ba yanka ba. Har yau matar nan tana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Wataƙila a wurinku kare kare ne. To Duna ba a taɓa ɗaga masa sanda ba, ya san saniyata a cikin garken wani, kuma tun da ya girma ɓarawo bai kwance mini ko maraƙi ba. Irin wannan hali ba a kasuwa ake sayensa ba, a jini yake. Audugarku ba ta auna shi ba.

Na huɗu. Sun bar saƙo cewa za su dawo su cire wa Ƙyalli mahaifa, tunda sakamakonsu ɗaya da ubanta. Ita kaɗai ta rage a zuri'ar. Wani abokina a Rogo Sabon Gari yana da kare da ku da kanku kuka ce ba ya ɗauke da komai, har mun shirya haɗa su. Ba abin da kuka koya mana ke nan ba?

Roƙona kaɗan ne. A janye hannu daga Ƙyalli. Kada a ƙara taɓa dabbar kowa sai mai ita yana tsaye. Wanda ya yi wa iyalina ƙarya kuma ya zo ƙofar gidan da ya yi ta, ya ba ta haƙuri. Diyya ba na so, ba abin da za ku ba ni ya mayar da Duna yadda yake.

Tun ranar na daina zuwa kasuwar Karaye, ina zaune a bakin zana ina gadin karya. 'Ya'yana suna wasa a gabana, lafiyarsu ƙalau, don malamin asibitin da ya ga sakamakona na AS shawara ya ba ni. Ina kallonsu ina gode wa Allah da ba a hannun mutanenka takardata ta faɗa ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci ko a kan dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Wassalam.

Naka,
Haruna mai shanu, daga gefen Falgore.