Fumfuna a ɗakin mai jego

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Yau kwana ashirin da uku da haihuwar matata, 'ya mace, ta ci sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi. Ɗakinmu ginin ƙasa ne, da zan yi aure na shafe shi da siminti ciki da waje na yi fenti, har abokai suna tsokanata da ɗan birni. Ashe indararon bayan ɗakin ya karye tun farkon damina, ruwa yana bin bango yana jiƙa ƙasar, simintin kuma ya hana ta bushewa, ni ban sani ba.

Tun kafin suna Inna, mahaifiyar tawa, ta sa aka toshe taga da buhu, ta ce sanyi ba zai taɓa mata takwara ba, ba za a buɗe ba sai an yi arba'in. Ga garwashi, ga mai jego tana shigowa daga wanka jikinta na tururi, ga tsummokaran jaririya a kan igiya cikin ɗakin saboda ruwan sama. In ka ɗaga labule wani wari ne yake tarbar ka, kamar an buɗe tsohon rumbu.

Satin da ya wuce na ja sif ɗin kaya, sai na ga bangon baƙi ƙirin, fumfuna tun daga ƙasa har tsayin ƙirjina, ta zagaya bayan gado. Ga laifina da ban gaya wa kowa ba. Kunya ce ta kama ni kar 'yan barka su gani, na jira matata ta fita wanka, na ɗauki tsintsiya na kankare bangon a bushe, ƙura ta tashi ta cika ɗakin, Ummi tana kwance tana barci. Bayan kwana biyu ta fara tari, hanci ya toshe, in tana numfashi ana jin wani ɗan fito a ƙirjinta.

Da ƙyar Inna ta bari muka kai Ummi asibiti. Malamar asibitin ta ba da magani, ta tambayi yadda ɗakin yake, ta ce a fitar da uwa da 'ya, a buɗe taga, a gyara indararo, a sa takunkumi da safar hannu a wanke bangon da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai, in numfashin ya yi nauyi ko ta ƙi nono mu dawo da gudu. Da ta ce kar wanda ya kuskura ya share shi a bushe, sai na sunkuyar da kai.

Inna ta ce ba inda za su je. Ta ce yayana, ɗanta na fari, haka aka fitar da shi daga ɗaki cikin damina, sanyi ya kama shi, kwana uku aka binne shi. Tana faɗa tana kuka, ni kuma tunda nake ban taɓa yi mata musu ba. A wajenta tarin ma sanyi ne, har ta ƙara buhu a tagar. Na san in na faɗi abin da na yi da tsintsiya wataƙila ta yarda, amma da wane ido zan kalli matata? Wallahi tsoro nake ji.

Yau da safe na sake jan sif ɗin. Baƙin ya dawo, ya fi na da, har ya ɓullo daidai inda ake ajiye kan Ummi. Saura kwana goma sha bakwai a yi arba'in, ni kuma ban ga alamar ƙirjin yarinyar nan zai jira ba.

'Yan uwa, in tona kaina, ko in ɗauke su yau ko da Inna za ta yi fushi da ni? Wanda Allah ya ba shi ɗa, ya kuma bar masa uwa, ya gaya min yadda zan yi.